Yadda za ku fara sujadar iyali da yara a gida

Iyaye da yawa a nan Sakkwato sun sakar wa malaman Sande Sukul (darasin yara na ranar Lahadi a coci) komai, alhali awa ɗaya ce kacal a sati, me yaro zai riƙe? Ku zaɓi lokaci guda ku tsaya a kansa. Ni dai na fi son bayan tuwon dare, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida tunda zafin garin nan ba ya barin mutum zaman ɗaki, in NEPA sun ɗauke wuta tocilan ta wadatar, amma wayoyi kam a kife su.

Minti 15 ya isa, kar baba ya mai da abin wa'azi har yara su fara gyangyaɗi. A yi waƙa ɗaya, yaro ya karanta 'yan ayoyi daga Littafi Mai Tsarki, ko yana tuntuɓe a bar shi ya kai ƙarshe, sai tambaya guda ɗaya tak daga katikisim, wato ɗan littafin tambaya da amsa kan koyarwar Kirista, misali "Wa ya halicce ka?" su amsa "Allah", a yi ta maimaita ta sati guda kafin a wuce gaba. Ku bincika coci ko suna da ɗan littafin, na Katolika daban ne.

Hadda kuma a fara da Addu'ar Ubangiji a Matiyu 6, sai Zabura 23, Dokoki Goma na Fitowa 20 su biyo baya. Addu'ar rufewa a riƙa zagayawa, har auta, ko da "Yesu na gode" kawai ta iya.