Yadda na kashe fitilar inji a Dodge Challenger ɗina

Bara na sayi Challenger R/T ƙirar 2014, 'yar Kwatano, mai injin HEMI 5.7. Lafiya lau take har ranar da na kai ta juyen baƙin mai a wani gareji a unguwarmu. Kwana biyu fitilar inji, mai nuna akwai matsala, ta kama, motar kuma ta riƙa karkarwa idan na miƙe hanya a hankali. Gabana ya faɗi, don gumin shekaru na zuba a motar nan.

Da aka jona mata kwamfuta sai ta nuna lambar matsala P1521, wato baƙin man da ke ciki ba nata ba ne. Ashe 20W-50 yaron gareji ya zuba, wai zafin Kano sai mai kauri.

Wannan inji yana kashe silinda 4 cikin 8 don rage shan fetur, kuma da ƙarfin baƙin mai yake yin hakan. Mai kauri ba ya saurin ratsa ƙananan hanyoyin mai da ke cikin injin. A kan murfin wurin zuba baƙin mai ma an rubuta 5W-20, wanda bai kai wancan kauri ba.

Na tsaya a kansu aka tsiyaye shi tas, aka sa sabuwar filta, aka zuba lita 6.6 na 5W-20, aka goge lambar. Wata huɗu ke nan fitilar ba ta dawo ba, alhamdulillahi.