Yadda ake gyara tsohon bokitin ƙarfe a yi masa zanen furen jiragen ruwan Ingila

A ƙarni na 19, iyalan da ke dakon gawayi da sauran kaya a magudanan ruwan Ingila cikin jirginsu suke kwana suke tashi, jirgi mai tsawo amma siriri, faɗinsa kamar ƙafa 7. Ɗakin kwanan ɗan ƙurƙut ne, sai suka ƙawata duk abin da hannu ya kai, ƙofa, kujera, kwano, da butar ruwan da ake ajiyewa a saman jirgi. Zanen nasu da ya fi shahara iri biyu ne, furen wardi da hoton gidan sarauta a bakin ruwa. Butar ma har suna ta samu daga ƙauyen Long Buckby. Duk wanda ya taɓa ganin langa da fanteka masu fure a jeren ɗakin amarya, ko zanen bayan babbar mota a tashar Muda Lawal ta Bauchi, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Furen shi ne mai sauƙi. Inda aikin yake lalacewa shi ne ƙarfen da ke ƙarƙashinsa.

A fara cika bokitin da ruwa a ajiye shi a busasshen siminti na rabin awa, a ga inda yake yoyo. Yawanci a haɗin gindi ne ko gefen kunne. Ƙaramar huda mai liƙi zai toshe ta da dalma. Idan gindin ya rube har yatsa na iya lotsa shi, a bar shi ya zama tukunyar shuka. Lanƙwasa kuma a buga ta daga ciki da guduma, a tokare waje da katako.

Sai wanki da omo da ruwan zafi, domin ko ɗigon maiƙo ya rage fenti ba zai kama ba. A kankare tsatsa da burushin waya, a bi da samfefa mai lamba 80, sannan 120, har ƙarfen ya fito fes. Tsohon fenti a goge shi da jiƙaƙƙiyar samfefa, a kuma rufe hanci, saboda wasu tsofaffin fentin akwai dalma a cikinsu, ƙurarsu guba ce, ga yara ma ta fi illa.

Yawancin bokitan nan an lulluɓe su da zinki irin na kwanon rufi, shi ke ba su launin toka-toka. Fentin mai ba ya shiri da zinki. In aka shafa kai tsaye, sinadaran biyu sukan haɗu su yi wani abu kamar sabulu a tsakaninsu, bayan 'yan watanni sai fentin ya riƙa saɓulewa falle-falle, har da furen da aka sha wahala a kansa. Don haka a nemi fentin shimfiɗa, wato na farko da ake shafawa kafin launi, wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na zinki ne. Masu sayar da fentin mota sun fi samunsa. Kafin a shafa, a goge bokitin da ruwan kal, a ɗauraye, a shanya ya bushe ƙayau. Inda zinkin ya cinye ƙarfe ya fito tsirara, nan ne wurin jan fentin hana tsatsa da masu walda ke shafa wa ƙofofi. Tsohon bokitin da ya sha rana da ruwa ya fi sabo mai ƙyalli karɓar fenti.

Bayan shimfiɗa ta kwana, a yi launin jiki: kore mai duhu, baƙi, ko ja. Rubu'in lita ya wadatar wa bokitin lita 15. Shafi biyu marasa kauri, awa 24 tsakaninsu, a ɗan shafa samfefa mai lamba 320 kafin na biyu. Shafi ɗaya mai kauri zai zubo kamar hawaye, samansa ya bushe, cikinsa ya zauna danƙo-danƙo. Bakin bokiti da gindinsa a zagaya su da ja da ɗorawa, a tsare layi da salatif na takarda, a cire shi tun fenti bai gama ƙamewa ba. Cikin bokitin a bar shi ba fenti idan har zai ga ruwan sha ko abinci.

Yanayin Bauchi ma abin lura ne. Da hunturu ƙura takan sauka a ɗanyen fenti ya zama kamar an barbaɗa masa gari, don haka a yi aikin a ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kifa babban kwali a kan bokitin in an gama. A watan Agusta danshi kan ja bushewa ya wuce kwana ɗaya. Da bazara kada a yi fenti a ƙarfen da rana ta gasa, burushi zai riƙa ja yana barin sawu.

Yanzu fure. Ana bukatar burushi mai laushi mai tsinin baki, lamba 4 da lamba 6, da ƙananan gwangwanayen ja, ɗorawa, fari, kore, shuɗi da baƙi. A zana wurare da alli: furanni uku ko biyar a dunƙule, ganye na leƙowa ta bayansu. Ganye ake fara yi, kore, da ɗan duhu a gindinsa. Sai da'irori masu faɗin santimita 3 zuwa 4, kowace da launin da ya fi na furenta duhu: ja mai baƙi-baƙi ga jan fure, ruwan goro ga ɗorawa, ruwan hoda ga fari. Tun da'irar na ɗanya, a sa ɗigon duhu a samanta a ɗan gauraya, nan ce zuciyar furen. A bar shi ya kwana. Wanda ya yi gaggawa a nan, farinsa zai sha jan da ke ƙasa ya koma dagwalo.

Kowane kunnen fure jan burushi ɗaya ne tak. A cika burushin, a dangwala shi a danna ya baje, a ja shi a karkace ana ɗagawa, ya ƙare da siririn wutsiya kamar waƙafi. Ƙanana biyu ko uku a kewayen zuciya, babba guda ya ratsa gaban furen daga gefe zuwa gefe, sannan uku ko huɗu a ƙasa suna buɗewa waje. A bar duhun da'irar yana leƙowa tsakaninsu, shi ke ba furen zurfi. Kada a koma gyara wanda ya karkace. Gyaran ya fi kuskuren muni. In ya ɓaci sosai, a goge shi nan take da tsumma mai ɗan kananzir, tunda na ƙasa ya bushe. Kaurin fentin ya zama kamar kindirmo da aka ɗan dama: in ya tsinke zai zubo, in ya yi kauri wutsiyar ba za ta fita ba. Kafin a taɓa bokiti, a cika tsohon kwano ko gilashi da wannan waƙafi sau ɗari, har hannu ya saba. Daga ƙarshe a ɗiga ɗorawa a zuciyar fure, a ja jijiyoyin ganye, a cike gurabu da ƙananan fararen furanni masu ɗorawa a tsakiya.

Hoton gidan sarautar daga nesa ake faro shi: sama, duwatsu, ruwa, sannan gini mai jan rufi, da gada da ɗan jirgi. Masu zanen Ingila ba wani takamaiman gida suke kwafa ba, saboda haka ba laifi a sa ƙofar gari irin ta Wunti, da Dutsen Zaranda a bayanta.

A jira mako guda kafin a shafa banish, wato man ƙyalli da ke kare fenti, shafi ɗaya siriri, domin mai yawa yakan mai da fari ɗorawa-ɗorawa. Bayan nan a ƙara mako biyu kafin bokitin ya fara aiki, kuma in za a wanke shi, tsumma da ruwan sabulu kawai, ban da soson ƙarfe.