Yadda za ka daina rawar baki idan ka miƙe yin magana a gaban mutane

Yawancin ɗaliban da nake gani suna shan kashi a ranar difens, wato ranar kare binciken kammala karatu, sun san aikinsu ciki da bai. Yarinya ta kwashe watanni tana bincikenta, ko cikin barci ka tashe ta za ta zayyana maka shi, amma da malamin da aka gayyato daga waje ya sauke tabarau ya ce "maimaita, ban ji ba", sai murya ta maƙale, takardar hannunta ta fara kaɗawa. Haka abin yake a intabiyun neman aiki, da sansanin bautar ƙasa, da taron ƙungiyar unguwa inda matashi ke da magana mai ma'ana amma ya haɗiye ta, a tashi taro ya koma yana faɗa wa abokinsa a kan hanya. Ga yadda nake bi da masu wannan matsala, bisa jerin da na ga yana aiki.

Da farko ka rabu da madubi

Na san abin da masu lakcar zaburarwa ke cewa, ka tsaya gaban madubi da safe ka ce kai gwarzo ne, babu kamar ka. Wasu har kuɗin shiga suke karɓa su gaya maka wannan. Ka riƙe kuɗinka. A 2009 wata mai bincike a Jami'ar Waterloo ta Kanada, Joanne Wood, ta sa mutane su riƙa nanata wa kansu cewa su abin ƙauna ne. Waɗanda dama suke raina kansu sun fito cikin ƙunci fiye da irinsu da ba su nanata ba, domin zuciya ba ta karɓar yabon da ta san babu hujja a kansa, gardama take yi da shi.

Abin da ke aiki shi ne wanda Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana tun 1977: babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya abu shi ne ya taɓa yin sa ya ga ya tsira. Da masu tsoron maciji ya yi aikinsa. Su fara leƙen macijin daga nesa, su matso, su taɓa kejin, su taɓa shi da safar hannu, har su ɗauke shi. Babu wanda aka ce ya jira sai tsoro ya tafi sannan ya matso. Saboda haka kai ma kada ka zauna jiran ranar da za ka tashi ka ji ƙwarin gwiwa ya sauko maka. Aikin ne ke fara zuwa.

Na biyu, ka raba abin da zai gyaru da wanda ba zai gyaru ba

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya rubuta abin da za ka iya gyarawa cikin wata guda: saurin magana, sunkuyar da kai har ba a jin ka, rashin sanin da me za ka fara. A ɗaya gefen rubuta abin da ba zai canza ba nan kusa: a makarantar gwamnati ka yi karatu, Turancinka na da harshen Hausa a ciki, kana da in'ina, kai gajere ne, gidanku ba masu hali ba ne.

Gefe na biyun nan shi ne inda mutane ke ƙona ƙarfinsu a banza. Yaro yana tsaye yana bayani, rabin hankalinsa na kan kada "p" ta fito masa "f", sai ya manta abin da yake faɗi gaba ɗaya. Bayerabe da nasa harshen yake Turanci, Ba'indiye da nasa, kuma babu wanda ya taɓa fasa gabatar da takardarsa saboda haka. Dokata a nan ita ce, abin da ke gefe na biyu ka karanta shi sau ɗaya, ka ce e, haka nake, ka ninke takardar. Idan kana da in'ina ma na fi son ka faɗa da bakinka tun farko: "Ina da in'ina, za ku ɗan yi haƙuri da ni." Da ka faɗa, wahalar ɓoyewa ta ƙare. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka aike shi wurin Fir'auna, roƙon Allah ya yi ya buɗa masa ƙirji, ya sauƙaƙa masa al'amari, ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Addu'ar na cikin Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa ta 28. Ka haddace ta, gajera ce. Ka kuma lura cewa bayan addu'ar tafiya ya yi.

Na uku, ka hau daga ƙasa

Jera wurare biyar ko shida da magana ke yi maka nauyi, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Misali: taya kaya a kasuwa har sau uku ba tare da ka ji nauyin mai shago ba, faɗin ra'ayinka a majalisar abokai alhali ka san wani zai musa, yin tambaya ɗaya a aji ko a wurin karatu bayan magariba, jan addu'ar rufe taro, bayanin minti biyar gaban mutum goma. Kada ka bar mataki sai ya fara gundurar ka. Gundura ita ce alamar ka gama da shi.

Masu gaggawa nan suke karyewa. Mutum bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, ya saurari wani bidiyo jininsa ya tafasa, gobe ya karɓi aikin gabatar da baƙi a walimar mutum ɗari uku. Ya kwafsa, ya ce ai dama shi ba a halicce shi don wannan ba.

Akwai masu ce mini ai kunya ce, kuma kunya ado ce. Ban musa ba. Ba na koya wa kowa ya zura wa dattijo ido ko ya katse babba. Kana iya russunawa, ka sassauta murya, ka ce "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya", kuma tambayar ta fito sarai. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Wannan musamman ga 'yan mata nake faɗa, domin su aka fi yaba wa idan sun yi shiru, har shirun ya zame musu ɗabi'a a inda bai dace ba.

Na huɗu, ka ɗauki kanka a waya

Jingina wayar da kofi, ka yi bayanin minti biyu a kan abin da ka sani, ko da yadda ake dafa shayi ne. Ba ka buƙatar data, ba kuma don ka ɗora a TikTok ba ne. Kafin ka kalla, rubuta yadda kake zaton ka fito: hannu na rawa, gumi, murya na karkarwa. Sannan ka kalla kamar wani baƙo kake kallo. Kusan kullum abin da ke cikin wayar bai kai munin abin da ka rubuta ba. Muryarka za ta yi maka banbaraƙwai, kowa haka yake jin tasa, ka wuce wurin. Abu ɗaya tak za ka gyara a kowane ɗauka, kuma na farko shi ne sauri. Nemi jawabin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 1960 ka saurara. Ka ji yadda yake ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa ba tare da fargabar shirun ba.

Na biyar, daren da ya biyo baya

Nan ne nake rasa mafi yawan waɗanda suka fara da kyau, don haka zan daɗe a kai.

Ka yi tambayarka a aji. Kalma ɗaya ta suɓuce, wasu biyu a baya suka yi dariya, malami ya amsa, aka ci gaba. A wurin kowa magana ta ƙare. Kai kuwa da ka kwanta sai fim ya fara. Ka sake jin dariyar, ka ƙara mata ƙarfi, ka tuno fuskar wance da ta juyo, ka haɗa da abin da ya faru a firamare, kafin asuba ka yanke hukuncin cewa duk ajin sun gama da kai. Abin da ya ɗauki daƙiƙa biyar ka maimaita shi sau hamsin, kuma maimaicin ne ƙwaƙwalwarka za ta ajiye, ba ainihin abin da ya faru ba. Masana biyu na Ingila, David Clark da Adrian Wells, sun sa wannan bitar bayan taro cikin manyan abubuwan da ke raya tsoron jama'a, a bayanin da suka fitar a 1995. Shi ya sa za ka ga mutum ya shekara yana shiga taro amma tsoronsa bai ragu ba. Da rana yana ginawa, da dare yana rushewa.

Mutane kuma ba su lura da kai yadda kake zato. Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell ya gwada wannan, aka buga sakamakon a 2000. Ya sa ɗalibai su saka riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, su shiga ɗakin da wasu 'yan uwansu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun yi zaton kusan rabin ɗakin sun gane hoton. Waɗanda suka gane ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kowa da abin da ya dame shi. Wanda ya yi maka dariya yana can yana tunanin kuɗin mota.

Ga abin da za ka yi. Kafin ka kwanta, ba bayan ka kwanta ba, rubuta layi uku: abin da na yi niyyar faɗi, abin da na faɗa, abu ɗaya da zan gyara. A layi na biyu abin da kyamara za ta iya ɗauka kawai za ka rubuta. "Na tsaya na ɗan lokaci a tsakiya" ya shiga. "Na zama abin dariya" bai shiga ba, domin wannan fassararka ce. Idan ka gama ka rufe littafin. In fim ɗin ya dawo cikin dare, ka ce masa an riga an rubuta, ka tashi ka sha ruwa ko ka kama wani abu. Zai dawo sau da yawa a makon farko, ba laifi.

Kada ka bi abokai ɗaya bayan ɗaya kana tambayar "don Allah ban kwafsa ba?" Duk wanda ya ce a'a ba za ka yarda ba, wanda ya ɗan yi jim kuma ka samu abin tauna na sati. Mutum ɗaya ya isa, mai faɗa maka gaskiya, tambaya ɗaya: "Me ka fahimta daga abin da na ce?" In ya maimaita maka saƙonka, aiki ya yi.

Sai ka duba irin bakin da kake yi wa kanka magana da shi. Da ƙaninka ne ya dawo ya ce murya ta maƙale masa a gaban aji, ba za ka ce masa sakarai, banza, kullum haka kake ba. Za ka ce ai ka yi ƙoƙari da ka miƙe, gobe ka rage sauri. To wannan bakin za ka ara. Ba lallashi ba ne, domin gyaran na nan a ciki, zagin ne kawai aka cire.

Mafi muhimmanci, ka koma wurin nan da ka yi tuntuɓe kafin mako ya zagayo. Aji ɗaya, majalisa ɗaya, ka sake buɗe baki ko da jimla guda ce. In ka bari wata ya wuce, wurin ya zama dodo.

Na shida, ranar kanta

Wannan ba shi da wuya in ka yi na baya. Jimlar farko da ta ƙarshe kawai za ka haddace, tsakiya ka riƙe kanun magana a 'yar takarda. Wanda ya haddace komai, kalma ɗaya ta ɓace masa, duka ta rushe. Bugun zuciya da bushewar baki aikin sinadarin adirenalin ne, yakan lafa bayan 'yan mintuna, kuma na kujerar gaba ma ba ya jin bugun. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sau huɗu ko biyar. Ka isa da wuri, ka riƙe ruwa. Zaɓi fuska biyu ko uku masu sakin rai ka riƙa yi musu magana. In an yi tambayar da ba ka sani ba, ka ce "ban duba wannan ba, amma zan duba", malamai sun fi ragawa mai faɗin haka a kan mai kame-kame.

Kada wani ya ba ka ƙwaya ko kwalba wai don ta cire maka tsoro. Taramol da kodin da yawa ta wannan ƙofar suka shiga rayuwar matasa, har gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ban da haɗarin kamu, ranar da ka yi magana da ƙwaya a cikinka ita za ka ba nasarar, gobe kuma ba za ka iya miƙewa ba sai da ita.

Idan kuwa abin ya kai ka daina zuwa aji, ko kana fasa fita daga gida, ko numfashi na sarƙe maka har ka ji kamar za ka mutu, to ya wuce abin da takarda da waya za su magance su kaɗai. Ka ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato. Ka gaya musu tun yaushe abin ya fara da kuma wuraren da ya hana ka shiga.