Yadda Ake Sarrafa Na'urar Ji Daga Wayar Hannu

Wata uku da aka saka wa mahaifinmu na'urar taimaka wa ji, na shiga ɗakinsa na tarar da ita ajiye a cikin akwatinta, kusa da carbinsa. Na ce, "Baba, me ya sa aka cire?" Ya ce a ɗaki tana da daɗi, amma da ya fita ƙofar gida sai ƙarar babura da janareton maƙwabta su cika masa kai, ga maɓallanta ƙanana, yatsansa ba ya gane su a bayan kunne. Ranar na zauna na haɗa ta da wayarsa. Abin da na koya daga nan zuwa yau shi zan shimfiɗa, domin na san akwai gidaje da yawa da aka kashe kuɗi mai tsoka a kan wannan na'ura, tana nan a aljihun tebur tana shan ƙura.

Na farko: ka san na'urar da ke hannunka

Ba kowace ce ke magana da waya ba. 'Yan ƙananan da ake sayarwa a kasuwa ba tare da gwajin kunne ba, yawancinsu amsa-kuwwa ne kawai, komai suke ƙara wa ƙara, ba su da manhaja. Wadda muke magana a kanta ita ce wadda ƙwararre ya auna jin mutum ya saita ta, kuma tana da Bluetooth. Duba kwali ko takardar da ta zo da ita, ka ga sunan kamfani. Kowane kamfani da tasa manhajar: Phonak na da myPhonak, Oticon na da Oticon Companion, ReSound na da ReSound Smart 3D, Signia na da Signia App, Starkey na da Thrive da My Starkey, Unitron kuma Remote Plus. Kyauta ake sauke su a Play Store ko App Store. Ta wani kamfani ba ta aiki da na'urar wani, don haka kada ka ɓata data wajen gwaji.

Sai batun waya. Abu biyu ne daban da mutane ke cakuɗawa: sarrafa na'ura da manhaja, da kuma shigar da sautin kira ko na rediyo kai tsaye cikin kunne. Na farkon yawancin wayoyin zamani suna iyawa. Na biyun ya fi zaɓe. Wayoyin iPhone sun fara shi tun wajen 2014, Android kuwa sai da aka fitar da Android 10 a 2019, kuma har yau ba kowace waya ce ke ɗauke da shi ba. Idan Tecno ko Infinix ko itel ce a hannunka, ka leƙa jerin wayoyin da kamfanin na'urar ya wallafa a shafinsa kafin ka sa rai. Phonak da Unitron sun fi sauƙi a nan, saboda suna haɗuwa da waya kamar yadda iyafis na Bluetooth ke yi.

Na biyu: haɗawa

Ka cika cajin na'urar da na wayar tukuna. Kunna Bluetooth. Sannan ka kashe na'urorin jin biyu, ta dama da ta hagu, ka sake kunna su, domin da zarar sun tashi ne suke buɗe ƙofar haɗuwa na ɗan lokaci, a yawancinsu kamar minti 3. Mai batir, buɗe murfin batir ka rufe. Mai caji, saka ta cikin cajarta ka fitar, ko ka danne maɓallin har ta mutu ka sake tashinta. Ajiye su dab da wayar a kan tebur.

A Android, buɗe manhajar ka bi abin da take nunawa, ita za ta nemo su. Za ta nemi izinin ganin na'urorin da ke kusa, wani lokaci har da izinin sanin inda kake. Ka amince, in ba haka ba za ta yi ta juyawa ba ta gano komai. A iPhone, yawancin na'urori ana fara haɗa su ne daga saitin wayar: Settings, sai Accessibility, sai Hearing Devices. Sunan na'urar zai fito, ka taɓa, ka amince sau biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Daga nan ka buɗe manhajar.

Ka lura da launi, domin shi ne a jikin na'urar, shi ne kuma a fuskar manhajar: ja na dama, shuɗi na hagu. Baba ya haddace wannan tun ranar farko.

Na uku: ƙarar sauti, inda aka fi yin kuskure

Abin da zai fara bayyana a fuskar manhajar shi ne layin ƙara da rage sauti. Ana iya raba shi biyu, kowane kunne da nasa. Kuma abin da kowa ke yi idan bai ji magana ba shi ne ya ja layin har ƙarshe. Wannan ne ya kori Baba daga na'urarsa. Idan ka ƙara sauti, muryar mai magana ta ƙaru, janareto ma ya ƙaru, fanka ma ta ƙaru. An tashi daga rashin ji an faɗa ciwon kai.

Raunin ji na tsufa ya fi cin siraran sautuka, wato irin su s, sh, ts da f. Kaurin murya kuwa yana shiga. Shi ya sa dattijo zai ce maka, "Ina jin kana magana, ban dai gane me kake cewa ba." A Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin "saya" da "tsaya", ko "sa" da "sha", ko "fara" da "sara", bambancin duk yana cikin wannan siririn sautin na farko. Saboda haka ka nemi inda manhajar ta raba sauti gida uku: mai kauri, matsakaici da siriri. Ɗaga siririn mataki ɗaya, sauke mai kaurin mataki ɗaya, ka bar matsakaicin. Ƙarar janareto da ta mota sun fi zama a ɓangaren kauri, da ka sauke shi sai su ja baya.

Ga yadda muka gwada. Na zauna gaban Baba, tazarar taku biyu, na sa ƙanwata ta kunna rediyo a tsakar gida. Na rufe bakina da mafici don kada ya karanta leɓena, na riƙa faɗin kalmomi yana maimaitawa. Na ce "tsaya", ya ce "saya". Na ɗaga siriri mataki ɗaya, na sake. Ya ce "tsaya", ya yi murmushi. Da na ƙara mataki biyu sai ya ɗaga hannu ya ce ƙarar cokali a kwano na sukar kunnensa, na mayar. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka saurara, sannan ka taɓa wani. In ka juya uku tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba.

Na huɗu: kowane wuri da tsarinsa

Manhajar na zuwa da tsare-tsaren da aka riga aka shirya: na yau da kullum, wanda ke sauya kansa, na wurin hayaniya, na kiɗa, na waje inda iska ke kaɗawa. A tsarin hayaniya na'urar kan fi mai da hankali ga abin da ke gabanka, ta danne na baya da na gefe. Wannan yana nufin zama ma yana da dabara. A wurin ɗaurin aure ko walima, ka juya wa hayaniya baya, ka fuskanci wanda kake hira da shi. Amma kada ka bar wannan tsarin a kunne kana tafiya bakin titi, domin kana buƙatar jin hon ɗin da ke tahowa ta baya. Wannan na nanata wa Baba fiye da komai.

Mafi amfani shi ne ka ƙirƙiri naka. Idan ka gyara sauti a wani wuri ya yi daɗi, ajiye shi ka raɗa masa suna. A wayar Baba akwai guda uku: Masallaci, Majalisa, Kasuwa. Na masallacin ya fi ba mu wahala, domin lasifika ga amon gini, sai huɗuba ta zama guɗa ɗaya. Mun rage ƙara mataki biyu, mun sauke kauri, muka yi Juma'a uku muna gyarawa kafin ya ce ya zauna. Ajiyewar na da muhimmanci, saboda a yawancin na'urori ƙarar da ka ja da hannu tana komawa asalinta da zarar an kashe an kunna.

Masu iPhone, in na'urarsu na ɗauke da shi, suna da wani ƙari mai suna Live Listen: ka ajiye wayar kusa da mai magana, ita ta ɗauko muryarsa ta kai kunnenka. A wurin karatu, inda malam ke nesa kaɗan, yana taimakawa, muddin ba a wuce kamar mita 10 ba.

Na biyar: batir da ɓacewa

Manhajar na nuna cajin kowace na'ura. Jin rediyo ko kira ta cikinta na cin caji fiye da zaman banza, a inda wuta ba tabbas kuwa gara a duba kafin magariba. Masu batir su san lambarsu da launinta: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. In ka ɓare takardar da ke manne a bayan batir, bar shi ya sha iska minti ɗaya kafin ka saka. A ɓoye su daga yara, haɗiye su haɗari ne babba.

Mai alwala sau biyar a rana yana cire na'urarsa sau biyar, kuma a nan ake mantuwa. Yawancin manhajojin na da taswirar da ke nuna wurin ƙarshe da na'urar ta haɗu da waya. Sai izinin sanin wuri na kunne take aiki, don haka a bar shi.

Idan ta ƙi

In haɗin na yawan yankewa, shiga saitin batir na wayar ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa don tattalin caji. Wayoyin Android da yawa na yin haka a ɓoye. In na'ura ɗaya ce ta ɓace daga fuskar manhajar, kashe Bluetooth ka kunna. In bai yi ba, goge haɗin gaba ɗaya ka sake daga farko.

In kuwa sauti ne ya dushe, kada ka fara da manhaja. Ciro na'urar ka duba bakinta. Dattin kunne kan toshe ɗan matacin da ke ƙarshenta, ƙurar hunturu kuma kan cika ramin makirfo. Goge da ɗan burushin da ta zo da shi, canza matacin. Siririyar ƙara kamar fito da take yi yawanci alamar ba ta zauna daidai a kunne ba ce, ko datti ya taru.

Manhajar tana yawo ne a cikin iyakar da ƙwararre ya shata bisa gwajin ji, ba ta sake gwajin. In kullum sai ka ja ƙara sama kafin ka ji, lokacin komawa ya yi: sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda ji ya ɗauke masa farat ɗaya, ko kunne ke ciwo ko zubar ruwa, ya tafi asibiti ranar, kada ya tsaya taɓa waya. Wasu manhajojin na ba da damar ƙwararre ya gyara saiti daga nesa ta intanet, sai ka tambayi wanda ya saka maka ko yana yi.

Kafin mu koma wurin mai gwajin, na rubuta masa wuraren da Baba ke shan wahala da matakan da muka ɗaga ko muka sauke, na kuma nuna masa tsare-tsaren uku a waya. Ya duba, ya shigar da gyaran siririn sautin cikin asalin saitin na'urar. Yanzu Baba ba ya taɓa wayar sai in zai shiga masallaci ko kasuwa.