Kurakuran da ke sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ya daina aiki

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina shan wannan ɗaci. Da yawa daga cikin abin da ke jawo haka, a gidajenmu da shagunan kemis ake yin sa.

Mafi yawa shi ne shan antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, don mura. Bairos ne ke kawo mura da yawancin tari, Ampiclox da Amoxil ba su da aikin yi a kansa. Sai dai su kashe raunanan bakteriyar da ke cikin hanji, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. Ranar da yaro ya kamu da ciwon huhu na gaske, a ba shi maganin ya ƙi ci. Mura hutu take so da yawan shan ruwa, da farasitamol in da zazzaɓi. In numfashi ya fara sama-sama, a tafi asibiti ba jira.

Akwai kuma "ba ni kafso na ɗari biyu". Mai kemis ya yanko ƙwaya huɗu, a sha kwana ɗaya, jiki ya yi sauƙi, a bari. Na san rashin kuɗi ne ke jawo hakan, amma tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya gargaɗi duniya cewa ƙarancin magani yana koya wa ƙwayar cuta jurewa. A sha adadin da likita ya rubuta, a kan lokaci, kuma kada a ba maƙwabci ragowa.

Taifot ma haka. Gwajin Widal sau ɗaya yakan nuna cutar ga wanda ba shi da ita, sai ya sha antibayotik a banza. Inda ake iya shuka jini, wato a raini ƙwayar cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji, a gano ƙwayar da maganin da ke kashe ta, a nemi wannan.

Masu kiwon kaji da ke zuba magani a ruwan sha kullum don riga-kafi, su sani juriya tana tasowa a jikin dabbobi ma: a jikin aladu aka fara gano bakteriya mai jure kolistin da ke iya yaɗa juriyar ga wasu bakteriya, a China a 2015. Kolistin kuwa yana cikin magungunan da likita ke komawa gare su in sauran sun gaza. A tsaftace keji, a yi allurar riga-kafi, a kira likitan dabbobi, sannan a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a yanka kaza ko a sayar da ƙwai.