Masu binciken harkar ma'aikata, ga inda kuke ta tuntuɓe

Duk shekara idan lokacin kare kundi ya zo, sai teburina ya cika da ayyukan ɗalibai a kan kula da ma'aikata, dangantakar ƙwadago da bambance-bambancen da ke tsakanin mutane a wurin aiki. Sunan ɗalibi ne ke sauyawa, da sunan ma'aikatar da aka ce an yi binciken a cikinta. Kurakuran kuwa suna nan inda na bar su bara. Na faɗa a aji, na rubuta da jan biro a gefen takarda har na gaji, shi ya sa na tara su wuri ɗaya domin wanda zai fara aiki a Bauchi ko Gombe ya karanta kafin ya kashe kuɗinsa wajen buga takardu.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne raba takardun tambayoyi ta hannun shugaba. Ɗalibi ya je sakatariya da wasiƙar gabatarwa, daraktan mulki ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce, “Bar su a nan, ka dawo ranar Alhamis.” Ranar Alhamis ya dawo ya tarar an cike su tsaf, an ɗaure da roba. Murna ta kama shi. Bai tsaya ya tambayi kansa ba: masinjan da ke matakin albashi na 04, wanda ogansa ya miƙa wa takarda kuma ogan ne zai karɓa, me zai rubuta a gaban tambayar da ke cewa ko ana adalci wajen ƙarin girma? Zai ce ana yi, ya ma zaɓi “na yarda ƙwarai”. Yana da iyali, yana jiran ariyas, ba zai sayar da abincinsa saboda digirin wani ba.

Wannan ba a littafi na koye shi ba. Lokacin da nake digiri na biyu na bar takarduna a hannun wani jami'i a wata ma'aikata a nan Bauchi. A ƙarshen takardar akwai fili na “ƙarin bayani”. Wani akawu ya ɗauki alkawarin sirrin da na rubuta a sama da gaske, ya cike filin, ya ce horo da tafiye-tafiye masu alawus sai mai uwa a gindin murhu. Jami'in da ya tattara ya san rubutun hannunsa, shekaru suna musayar fayil. Ba a jima ba aka ba shi takardar tuhuma a kan wani abu daban, aka tura shi wata ƙaramar hukuma mai nisa da iyalinsa. Da muka haɗu daga baya bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, “Malam, ai kai ka ce ba wanda zai gani.” Na zubar da bayanan gaba ɗaya na sake daga farko, zangon karatu ya wuce ni, amma asarar da ya yi ta fi tawa nesa ba kusa ba. Don haka idan ɗalibi ya ce min “oga ne ya taimaka ya raba”, ba na duba babi na huɗu, inda sakamakon binciken yake, mayar masa da kundin nake yi.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake tilasta wa ɗalibaina: izini daga shugaba, wannan dole ne, amma takarda daga hannunka zuwa hannun ma'aikaci, tare da ambulan da zai liƙe da kansa. Ka zo da kwali mai ƙaramar kafa a sama, ka tafi da shi ranar, kada ya kwana a ofishin kowa. Ƙananan ma'aikata, direbobi da masu gadi da masu shara, ka same su bayan sallar azahar ko wajen mai shayin bakin ƙofa, ka karanta musu da Hausa, ka rubuta amsarsu da hannunka. Ke kuma ɗaliba, ma'aikata mata za su gaya miki abin da ba za su taɓa gaya wa namiji ba game da hutun haihuwa da irin maganganun da ake jifansu da su, to kada ki bar wa ɗan ajinku wannan ɓangaren. Sannan ku rage tambayoyin shafin farko. Idan ka nemi jinsi, ƙabila, addini, sashe da matakin albashi, a sashen da mace ɗaya ce Batangaliya a mataki na 14, ka rubuta sunanta ke nan ko da ba ka rubuta ba. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, kuma ƙabila da addini da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago suna cikin bayanan da ta ɗauka masu buƙatar kulawa ta musamman.

Ku kuma lura da lokaci. Idan ana cikin tantance ma'aikata don farautar na bogi, duk baƙon da ya shigo da takarda ɗan kwamiti ne a idon mutane. Ka jira ƙurar ta lafa.

Na biyu, kwaso ma'anar bambanci daga Amurka a dasa ta a Yelwa. Sai in buɗe babi na biyu, na bitar rubuce-rubucen da suka gabata, in ga shafi goma a kan farar fata da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, alhali binciken a kan ma'aikatan wata hukuma ce a Gombe. Wane ne farar fata a can? Haba jama'a! Abin da ke raba ma'aikata a nan kowa ya san shi, a bakin kowa yake idan an tashi daga aiki: wane ɗan asalin jiha ne, wane baƙo ne, daga wace ƙaramar hukuma, cikin 20 na Bauchi ko 11 na Gombe, Musulmi ne ko Kirista, Bajari ne, Basayi, Bafulatani, Batere ko Bawaje, mai digiri ne ko mai babbar difloma, ma'aikacin dindindin ne ko ɗan kwantiragi da ke zaune tebur ɗaya da shi yana karɓar rabin albashinsa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ta fi launin fata tasiri wajen ɗaukar aiki a nan, kuma ɗalibi da kansa ya yi layin karɓarta, amma ba za ka ga ta a kundinsa ba.

Kuma doka tana nan a rubuce, ba sai an yi nisa ba. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a yi rabon muƙaman gwamnatin tarayya yadda wata jiha ko ƙabila ba za ta mamaye ba, 14(4) ya sauko da wannan zuwa jihohi da ƙananan hukumomi. Hukumar raba daidai ta tarayya, mai kula da wannan rabo, an kafa ta a 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Ga tambayar bincike a shimfiɗe: hukumomi nawa ne a garin nan suka cika wannan kaso, kuma wanda aka ɗauka yana iya hawa benen da ofishinsa yake? Har yau ina jiran ɗalibin da zai kawo min wannan. A maimakonsa sai a kawo min ma'aunin al'adu na Hofstede, wanda ya samo asali daga bayanan ma'aikatan kamfanin IBM tsakanin 1967 da 1973, kuma ya haɗa Najeriya da Gana da Saliyo a matsayin yanki guda. Mutumin da bai raba Legas da Firitawun ba, ta yaya zai bayyana maka abin da ke tsakanin ma'aikacin Kaltungo da na Dukku?

Abin da ke tafiya tare da wannan shi ne yanke hukunci tun kafin a fita fili. Kusan kowane kundi ya ƙare da cewa bambanci yana ƙara ƙwazon aiki. Manyan nazarin fannin ba su faɗi haka kai tsaye ba. Williams da O'Reilly, da suka bi diddigin binciken shekara 40 a 1998, sun nuna abin yana da fuska biyu: bambancin ilimi da gogewa yana iya kawo sababbin dabaru, bambancin da ke sa mutane su rabu “mu da su” yana iya kawo saɓani da barin aiki. Sannan tambayar mutum ko ya yarda bambanci yana ƙara ƙwazo ba auna bambanci ba ce, ba kuma auna ƙwazo ba ce, ra'ayinsa kawai ka ji. Ni abin da nake so, ka nemi jerin sunayen ma'aikata, ka ƙidaya yadda kowane sashe ya cakuɗa, ma'aunin Blau, mai auna yawan cakuɗar mutane a rukuni, ya ishe ka lissafin, sannan ka nemo ƙwazon daga wata majiya daban: fayil nawa aka kammala, mutum nawa suka nemi sauyin wurin aiki, ƙorafi nawa ya kai gaban kwamitin ladabtarwa. Wasu abokan aikina suna ganin na cika tsanani a nan, suna cewa ba a samun waɗannan takardu. Ana samu, sai dai a sha zirga-zirga.

Sauran ƙanana ne, amma suna zubar da maki. Lissafin Taro Yamane, na fitar da adadin mutanen da za a tambaya daga cikin jimillar ma'aikata, ya zama kamar laya, kowa sai ya rataya. Idan ma'aikata 1,000 ne ya ba ka 286, madalla. Idan 80 ne, me ya kai ka cire 67? Tambayi duka. Adadin ma'aikatan ma ka samo shi daga rajista mai kwanan wata, ba daga bakin mai gadi ba. Wanda ya ce ya raba takardu 300 kuma 300 sun dawo ba ko ɗaya da ta lalace, na san a ɗakin kwanansa aka cike wasu, kuma masu jarrabawa daga waje su ma sun sani.

Ana kawo Dokar Ƙwadago a kan darakta da malamin jami'a, alhali ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta cire masu ayyukan gudanarwa da zartarwa da na ƙwararru. Ana rubuta mafi ƙarancin albashi naira 18,000 na 2011 ko 30,000 na 2019 don daga tsohon kundi aka kwafa, bayan ya koma 70,000 a 2024. Ana yin bincike a kan rikicin ƙwadago ba tare da an leƙa hukunci ko ɗaya na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ba, kotun da gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin waɗannan shari'o'i, kuma tana zama a nan Bauchi. Ana nazarin yajin aiki a ji ta bakin shugabannin ƙungiya kaɗai, ko hukuma kaɗai. Wanda zai rubuta a kan yajin ASUU na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya ji daga malamai da hukumar makaranta, ya kuma ji daga ma'aikatan da ba sa koyarwa, domin su ma nasu ƙungiyoyin suna da nasu ƙorafin. Ra'ayoyin Maslow na 1943 da Herzberg na 1959 a kan abin da ke zaburar da mutum ba laifi ba ne a ambace su, laifin shi ne a jera su a babi na biyu sannan kada a sake jin ɗuriyarsu har ƙarshen kundi.

Sai shawarwari. “Gwamnati ta inganta jin daɗin ma'aikata” ba daga bincikenka ta fito ba, mai sayar da goro a Wunti ma zai faɗa maka haka kyauta. Ka gaya wa wannan hukumar, wannan sashen, abin da za ta iya sauyawa da kuɗin da ke hannunta, misali ta riƙa liƙa jerin waɗanda za a tura horo a allon sanarwa kafin a tafi. Ni kuma ba na sa hannu a kundi sai ɗalibi ya taƙaita sakamakonsa a shafi biyu, da Hausa da Turanci, ba suna ba alamar da za a gane kowa, ya kai kofi ɗaya ofishin shugaba, ɗaya ofishin ƙungiyar ma'aikatan wurin.