Yadda za ka duba ka canja robar bom-stof a gaban tsohuwar mota

In kana da tsohuwar mota kuma duk ramin da ka faɗa sai ka ji "gwam!" daga gaba kamar an buga guduma a shasi, kar ka yi saurin cewa shokozoba ne. Sau da yawa wata 'yar roba ce ta mutu, wadda makanikai ke ce wa bom-stof. Aikinta ɗaya ne, idan taya ta tashi sama har ƙurewa ita ke tarewa don kar ƙarfe ya daki ƙarfe.

Motocin da ke da hannu biyu, wato ƙarafan da ke haɗa taya da shasi, na sama da na ƙasa, yawanci roba biyu gare su kowane gefe: ɗaya na tare taya in ta yi sama, ɗayar kuma na tare hannun sama in taya ta rataye ƙasa. Amma kowace mota da nata tsarin. Beetle ta Volkswagen kafin 1966 robarta na kan wani ɗan ƙaho ne a jikin bim ɗin gaba, wato ƙarfen da ya gitta yana ɗauke da tayoyin gaba, daga 1966 sai ta koma kan shokozoba. Masu tsarin MacPherson, inda sifirin ke zagaye da shokozoba, irin Peugeot 504 kuwa tana haɗe da shokozoban, sai an matse sifirin da abin matse shi kafin a kai gare ta, wannan kam in ba ka saba ba ka bar wa makaniki, sifirin ba ya wasa.

Tun motar na ƙasa a kan tayoyinta, a wuri mai lebur, leƙa da tocila ka ga ratar da ke tsakanin robar da inda take dira. Nan ne mutane ke yin kuskure wallahi. In ka ga babu rata, motar zaune take daram a kan robar, to ba laifin roba ba ne, sifirin ne ya gaji ya kwanta, kuma ko ka sa sabuwa ba za a jima ba za ta sake fashewa, ga motar ta riƙa tsalle kamar amalanke. Gwada gefe biyun, ya kamata ratar ta zo kusan ɗaya. Duba kuma ko akwai wani wuri a hannun da ya yi sheƙi ko ya lotsa, shaidar ƙarfe na dukan ƙarfe ke nan. Ita kanta robar danna ta da farce, in ta yi tauri kamar itace ko ta tsattsage ta gama aiki, in kuma ta yi laushi tana danƙo to baƙin mai ne ke ɗiga mata, nemo inda yake yoyo tukuna.

Wajen canji, ka ɗaga motar ka sa mata ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin shasi, kar ka shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. Cire taya. Robar da ke tare tashi sama yanzu ta samu sarari tunda hannun ya rataye. Ita ɗayar kuwa a matse take, sai ka sa jak ƙarƙashin hannun ƙasa ka ɗan ɗaga a hankali har hannun sama ya sake ta.

Notin da ke riƙe robar zai ba ka wahala, shekaru yana shan ruwa da laka. Goge shi da burushin waya, fesa man kwance tsatsa, ka ba shi lokaci. A motar MGB ta Ingila ma akwai wani ɗan alminiyom a tsakanin robobin da ke rubewa ya zama farin gari, gara ka saye shi tare da robar. Robar da ake turawa cikin rami ba noti kuma ruwan sabulu za ka shafa mata, ban da giris, yana cin roba.

Canja gefe biyun lokaci guda. Ni dai ba na son robar da ta shekara arba'in a kwali ko da ba a taɓa sa ta ba, ta riga ta bushe. Ta foliyuritan, wani nau'in roba mai kama da filastik, tana daɗewa amma ta fi tauri, za ka ji dukan a kujera. Bayan ka sauke motar, tura ta gaba da baya ta zauna, sannan ka sake auna ratar.